Katakon da Jibirilla Ya Shimfiɗa

Ka taɓa ganin rami a inda jama'a ke bi, ka nemo katako ka rufe, ka wuce kana jin ka yi aikin lada? To bari in ba ka labarin Jibirilla.

Mutumin Yauri ne, ɗan masu fito da jirgin ruwa. Abin da ya tashi ya gani shi ne, idan kwata ta lalace, wato inda jirage ke tsayawa a sauke kaya, masu jirgi ne ke haɗuwa su gyara abinsu da turaku da buhunan yashi. Ba a jiran kowa. Da wannan halin ya sauka Riyad, garin da ko kwalekwale babu, ya samu aikin tura amalanke a wata kasuwar sarin kayan gwari. Dogon dandamalin simintin da tireloli ke jingina da shi, kwata yake ce masa, har mu ma bakinmu ya kama.

Ni aikina ƙirga kwalaye a bakin mota, kuma idon da ya saba ƙirga ba ya hutawa. Ramuka bakwai na lissafa a dandamalin nan, uku har rodi ya leƙo. Wurin ba na mai shagonmu ba ne, na hukumar da ke kula da kasuwar ne, ga lambar kai ƙara ma a bango. Amma wa zai kira? Baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya son sunansa ya shiga kowane ofis. Jibirilla sai ya ɓalle katakon tsofaffin akwatuna, ya bi ramukan ya rufe.

"Sarkin Ruwa," in ji Laouali, abokin aikinsa ɗan Maraɗi, "yaushe jirgin Yauri zai iso ne, mu zo tarba?"

"Ranar da ka koyi iyo. Kai da ko a baho tsoron nutsewa kake yi."

"Ni dai taya ta daina faɗawa rami, Allah ya ƙara wa sarki kusoshi."

Ana gobe azumi, kasuwa ta cika maƙil, katako ɗaya ya karye ƙarƙashin amalanken Jibirilla. Kankana arba'in da ɗaya suka gangara kan motar wani mai saye da ke fake a ƙasa, gilashin gaba ya tarwatse. Ba wanda ya ji ciwo. Sai dai iƙamar Jibirilla na dab da ƙarewa, kuma mudir, wato manajan shagon, ya faɗa masa kai tsaye: in laifin na hukuma ne shi ke nan, in nasa ne kafil, ubangidan da ya tsaya masa, ba zai sabunta masa ita ba.

Ni ko a jikina. Rami dai na hukuma ne, ai gani ya kori ji.

Jami'in da hukumar ta turo ya zo a natse, ya ɗaga guntun katakon da bakin takalminsa.

"Wa ya sa wannan?"

Jibirilla ya dafa ƙirji. "Ana," ya ce, wato ni ne. Wallahi godiya yake jira.

Jami'in ya ce ba wanda ya taɓa sanar da su. Da an faɗa musu sun yi biris, da ɓarnar tasu ce. Amma ramin da aka rufe har ya yi kama da lafiyayyen wuri, wanda ya rufe shi ne zai amsa. Na yi ta maimaita masa cewa ramukan bakwai ne, ya zo ya gani. Ya bi ni, ya duba, ya ɗauki hoto. Kafin Sallah duk an zuba musu siminti.

Jibirilla kuwa ba a sabunta masa ba. Laouali ne ya ɗauki jakarsa zuwa tasi, ranar ko sau ɗaya bai ce Sarkin Ruwa ba.

Kwanaki mun yi waya da Jibirilla. Ya ce kwatar garinsu ta sake zubewa. Ya kafa sanda da jan ƙyalle don kada wani ya afka, ya bar ramin a buɗe, ya tafi ƙaramar hukuma.

"Sun gyara?"

"Tukuna. 'Yan uwana ma cewa suke Saudiyya ta koya mini ƙiwuya. Amma yanzu ba mai cewa bai sani ba."

In ka ci karo da irin wannan ramin, sa alama, ɗauki hoto, kira masu wurin kafin ka nemi katako. Don Allah gwada ko sau ɗaya.