Sunansa ba Naji ba ne

Shekara takwas ke nan da rasuwar Tsoho, kakan babana. Sunansa Malam Idi, amma a gidanmu na Matameye ba mai kama sunan. Ina 'yar shekara tara ya rasu, shi kuwa ana cewa ya doshi ɗari. Abubuwan da na riƙe nasa ƙanana ne: buzun da yake zama a kai a zaure, kullum bayansa ga titi, da yadda yake ɓara goro da farce ya jera a kan gwiwa, alhali ba haƙorin ci. Ni tattaɓa-kunnensa ce, kuma yana son wasa da kalmar. In na zo wucewa sai ya miƙo mini kunne ya ce, "Zo ki tattaɓa, amarya, amma a hankali. Kunnen nan ya sha aiki."

Yana da doka guda. In ya aike ka, ba ka cewa "na ji", sai dai ka ce "to". Ranar da na manta na ce "na ji, Tsoho", bai yi faɗa ba. Goronsa ya tattara ya shige ɗaki, bai fito ba sai la'asar. Har yau ba a faɗin kalmar a gidanmu. Ban taɓa tambayar dalili ba, don ni ba mai yawan tambaya ba ce.

Bana malaminmu na tarihi a lakwal, wato makarantar boko, wanda muke kira da Faransanci Mushe Sale, ya ba mu aiki. Akwai babban kundin sani na intanet wanda kowa ke iya gyarawa, ya ce kowa ya ɗauki tarihin wani mutumin yankinmu ya duba shi, ya cike giɓi. Ni bai bar ni na zaɓa ba, domin Tsoho yana ciki. Layi kaɗan ne, an ɗebo su daga littafin wani Bafaranshe: Naji na Matameye, hafsan leƙen asiri, wanda ya yi wa kumandan, Baturen mulki, aiki da aminci lokacin babban yaƙin Turawa, sa'ad da Faransa da Ingila suka ɓata aka rufe iyakarmu. Sunan mahaifinsa da na unguwarmu duk daidai ne. Yayan babana, Baba Alhaji, ya daɗe da sa aka buga masa shafin, ya rataye shi cikin gilashi a kantinsa.

Da Mushe ya faɗa wa aji cewa kakan babana ne, aka yi tafi. Rabi, wadda muke tebur ɗaya, ba ta tafa ba. Biro ɗinta take ta buɗewa tana rufewa. A hanyar gida ta ce, "Ashe Naji naku ne? Mu ma mun san shi a gidanmu. Kakan babata, Ɗan-Azumi, ya fita fatauci da jakunansa. Jakunan ne suka dawo." Tun daga ranar, tana dai ara mini abin da na roƙa, amma ta daina jirana a bakin ƙofar lakwal.

Sai na je wurin Iya, uwar babana, wadda ita ce 'yar Tsoho. Na same ta tana tsinke zogale, na karanta mata shafin. Ta yi dariya har ta ajiye faifai.

"Hafsa? Da wane takalmin? Saurayi ne mai tallar goro. Gardi, 'yan sandan Nasara, suka ɗauke shi don ya san hanyoyin ƙauyuka, kuma a zamanin nan wanda ya ƙi, sai gidan kaso."

Ta ce aikinsa shi ne ya zaga kasuwanni da faifan goro, ya saurari wa ya tsallaka, wa ya dawo, da me ya dawo. Kumandan ba ya jin Hausa, tafinta ne a tsakani. Duk lokacin da Tsoho ya durƙusa gabansa, da "na ji" yake farawa: na ji an ce, na ji wane. Nasara ya ɗauka sunansa yake faɗa, ya rubuta. Mutanen gari suka tsinci sunan daga bakin tafinta suka mayar da shi zagi, har yara na binsa da shi a kasuwa.

Na tambaye ta Ɗan-Azumi. Hannunta ya tsaya a kan ganye. Ta ce a rumfar mahauta Tsoho ya tsinci maganar cewa mutumin yana kai wa Ingilishi saƙo, ya kai ta bariki bai tabbatar ba. Ashe gyaɗa bawan Allah yake tsallakarwa ya sayo kananzir. Aka tafi da shi Damagaram, ba a sake ganinsa ba. Ta ce akwai maganganu masu yawa da Tsoho ya ji ya haɗiye, akwai gidajen da suka tsira saboda shirunsa, amma abin da aka haɗiye ba ya shiga littafi.

Na rubuta duk wannan cikin shafin. Na gyara sunan, na cire "hafsa", na sa Ɗan-Azumi. Washegari na duba, wani da ban sani ba ya mayar da komai yadda yake, ya bar kalma biyu: babu madogara. Na kai ƙara wurin Mushe Sale. Ya ce wa ya gaya mini, na ce Iya. Ya ce ita fa, na ce mahaifinta. Ya cire tabarau ya ce, "To kin gani, 'yata. Kundin nan abin da aka buga yake karɓa. Naki 'na ji' ne." Da wannan kalmar aka tafi da mutum bai dawo ba, ita kuma yau ba ta isa ta gyara suna ba.

Baba Alhaji ya samu labari, ya sa aka kira ni kanti. "Ke 'yar nan, gyara aka ce ku yi ko tono? Nasara da kansa ya rubuta kakana a littafi. Ke wa ya rubuta ki?" Na sunkuyar da kai. Ba mugun mutum ba ne. Shi ma yana yaro an bi shi da "jikan Naji", kuma gilashin nan ne ya fara sa shi jin sunan ba tare da kunya ba. Na gane hakan, shi ya sa maganar ta fi yi mini nauyi.

Ina yawan tunanin me Tsoho zai ce da ya ga yau. Kowa da salula a kunne, saƙon murya na yawo daga Kance zuwa Dawce kafin a idar da salla, kuma rabinsa da "na ji an ce" yake farawa. Ba gardin da ya tilasta mana. Ina jin zai ƙara juya wa titi baya. Ban sani ba ko zai gode mini ko zai tattara goronsa ya shige ɗaki. Amma mutumin da ya hana zuriyarsa furta kalma ɗaya har ya mutu, ba na jin zai so a kira shi da ita a gaban duniya, a ce yabo ne.

Shi ya sa na kawo maganar nan cikin wannan jarida, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Mushe ya ce abin da aka buga ana iya dogara da shi. Na san Baba Alhaji zai karanta, wataƙila ya daɗe bai amsa gaisuwata ba. Na san Rabi ma za ta karanta, kuma ba ni da ikon cewa ta yafe. Sunan kakanta dai ya shiga takarda, abin da bai samu ba a wancan zamani.

Abin da ya rage na Tsoho ba gilashin kanti ba ne. Gida ne guda a Matameye inda yaro ke cewa "to" in an aike shi. Ya cutar da Ɗan-Azumi, ya kuma rayu da abin har tsufa, bayansa ga titi. Allah ya jiƙan su duka biyu. Ga mai gyaran kundin da ban sani ba kuwa, ga madogararka: sunansa Idi, goro yake sayarwa. Sauran labarin ji na yi, amma kunnen na taɓa shi da hannuna.