Kukan Uwa a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Akwai wata la'asar a gidanmu da ke kusa da Kwandiko wadda ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kwashe sauran.

Ƙanwata ta yi karatu mai zurfi a ƙasar waje. Aikinta shi ne zura na'ura cikin tekun da ke can ƙarshen arewacin duniya, inda ruwa ke daskarewa, tana naɗar sautin dabbobin ciki. Da ta zo hutu, Baba ya ce an gama, ba za ta koma ba; ga makarantu a Birnin Kudu, ta nemi koyarwa. Ni kuwa na goya masa baya, don ina da saurin yanke hukunci, har yau ma ban gama warkewa ba. Tsokanarta nake yi, ina kiranta mai sauraron gulmar kifi. Saura kwana uku ta tafi, Baba bai sauko ba.

Ranar ba ta yi gardama ba. Ta same shi a gindin tsamiya yana ɓarar gyaɗa, ta durƙusa ta ce, "Baba, ka saurari wannan kawai. In ka ji ka ce in zauna, na zauna."

Ta kunna wayarta. Wani kuka ne mai tsawo, ya yi ƙasa ya zama gurnani, ya hau sama ya koma fito, sai wata siririyar murya ta amsa daga nesa. Ban taɓa jin irinsa ba, ban ma san Allah Ya halicci mai wannan murya ba. Ta ce wata dabba ce da ta fi ɗakin Inna girma, haihuwa take yi tana shayarwa, kuma da yake ƙarƙashin ƙanƙara duhu ne, da murya suke gane juna.

Baba, wanda a cikin shanu ya buɗe ido, ya ture kwaryar gyaɗa gefe. "Wannan uwa ce," in ji shi. "Ɗanta take kira." Ƙanwata ta saki baki tana kallonsa, don gaskiya ya faɗa.

Sai ta kunna na biyu, wanda aka naɗa a wuri guda bayan wasu shekaru. Rugugi kawai, kamar ka tsaya kusa da injin niƙa. Can ƙasa-ƙasa uwar tana kira. Ta bayyana mana cewa duniya ta ƙara zafi, ƙanƙarar da ke rufe ruwan tana narkewa da wuri, iska ta sami damar kaɗa shi, manyan jiragen ruwa kuma sun sami hanya.

Baba ya ce, "Ɗan ya amsa?"

"Ko ya amsa, Baba, ba za ta ji ba."

Sai ya tambaya, "To me ya hana a ɗaure 'ya'yan a dangwali har jiragen su wuce?" Yana nufin doguwar igiyar nan da muke jera maruƙa a jikinta. Na kwashe da dariya, sai na ga ni kaɗai nake yi. Baba da gaske yake, idonsa har ya kawo ruwa. Kunya ta kama ni.

Ƙanwata ta ce a hankali, "Ba su da makiyayi, Baba. Mu dai saurare muke yi, mu gane inda suke taruwa, mu roƙi masu jirage su rage gudu ko su kauce."

Baba ya dube ta. "Ashe kiwo kike yi," in ji shi. "Kuma kika bar su a haka kika zo kina zaune? Tashi ki haɗa kayanki. Allah Ya tsare."

Ni mai takardar makaranta na ji hayaniyar kifi, tsohon da bai taɓa ganin teku ba ya ji uwa ta rasa ɗanta. Tun daga ranar na koyi cewa kafin in raina aikin mutum, sai na zauna na saurara tukuna.