Dattijo Jethro da Ƙuri'ar Wiwi

Jethro Tanko ya yi shekara ashirin yana kiwon ɓeraye a wani ɗakin bincike da ke hanyar Kakau. Yana auna su, yana ba su abinci, yana rubuta wanda ya yi barci da wanda ya ƙi. Ran Lahadi kuma dattijo ne a ikilisiyarmu ta Kamazou, kujerarsa tana gaba, kusa da ta Fasto.

'Yata Damaris ta yi fama da farfaɗiya tun tana shekara shida. Jethro yakan biyo ta gidanmu bayan sujada ya tambaye ni sau nawa ta faɗi a makon. Ta rasu tana da sha huɗu, shekara guda bayan sojoji sun koma bariki.

A sujadar da aka yi mana ta ta'aziyya, da aka zo lokacin ba da shaida, Jethro ya miƙe. Ya ce likitan da yake wa aiki yana gwada wani sinadari da ake cirowa daga tabar wiwi, kuma ɓeraye masu farfaɗiya da aka ba su shi sun rage faɗuwa. Ya ce ƙwaƙwalwa tana da wuraren da ke karɓar irin wannan sinadari, domin jiki ma yana yin nasa mai kama da shi, wanda ke taɓa ciwo da yunwa da barci. Ya roƙi a sa ɓerayen a addu'a, kada wata yarinyar ta yi jira kamar Damaris.

Dattijo Benson, tsohon ma'aikacin masaƙa, ya ɗaga hannu. "Wato har Fasto yana da wiwi a ka?"

"Har kai, Baba Benson. Tun daga ciki aka haife ka da shi."

Washegari majalisar dattawa ta zauna, ni ne sakatare. Fasto ya ce yanzu mulkin farar hula ake yi, ba zai yanke hukunci shi kaɗai ba, ƙuri'a za a kaɗa. Na ce a jami'a na karanta ilimin halittu, kuma maganar Jethro tana da tushe. Benson ya ce a yi mini uzuri, ina cikin makoki.

Bakwai da biyu aka tashi, Jethro ya sha kaye. Da hannuna na rubuta cewa majalisa ta tabbatar jikin Kirista ba ya yin wiwi.

Aka ba Jethro zaɓi: ya janye maganarsa a gaban jama'a, ko ya sauka daga dattijantaka ya zauna a bencin baya na waɗanda ake yi wa horo. Fasto ya bi shi har waje. "Baba, kalma ɗaya ce. Ka ce kuskure ka yi."

"Ranka ya daɗe, ni na riƙe ma'aunin. Ba zan ce ban auna ba."

Ya koma bencin baya. Bayan wata shida aka ɗage horon, amma kujerar an riga an ba surukin Benson.

A bara Benson ya tare Jethro a ƙofar majami'a, yana dogara sanda, ya rage murya. "Jethro, maganin nan naku, yana yi wa ciwon gwiwa?"

Jethro ya dubi gwiwar da kyau. "Ai jikinka ba shi da wurin karɓarsa, Baba. Da kai aka kaɗa ƙuri'ar."