Motar Malam a Tsakiyar Ruwa

Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Jigawa aka ce ma'aikata su tattara su koma Dutse, a motar mijina muka zo, ni da shi da yara, katifa ɗaure a sama, tukwane suna ƙara a baya duk ramin da muka faɗa. Doguwar mota ce fara mai kujeru layi uku, irin ta kamfanin nan na Faransa da ke haɗa motocinsa a Kaduna. A gwanjon ma'aikatarsu ya saye ta, ta riga ta ci hanya kafin ta zo hannunsa. Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malama, don ina koyarwa a firamare.

A wancan zamanin idan aka ce mutum ya yi mota ba a tambayar wace iri. Ita ce ta manyan gwamnati, ita ce ta ɗaukar marasa lafiya, ita ce kuma ta haya daga Kano zuwa Maiduguri. Malam ya san tarihinta kamar na danginsa. Idan yana wanke ta ranar Asabar a ƙofar gidanmu da ke unguwar Takur, sai ya riƙa gaya wa yara cewa waɗanda suka ƙera ta da zarto suka fara, da ɗan injin niƙa na hannu, da keke, kafin su kai ga mota. Daga baya motocin Kwatano suka cika gari, ƙanana masu sheƙi, marasa shan mai, abokan aikinsa suka yi ta canzawa. Sabuwa ta Kaduna kuwa ta riga ta fi ƙarfin ma'aikaci. Shi dai ya ƙi rabuwa da tasa, ya ce waɗancan cikinsu a ƙasa yake, ba za su iya hanyar garinsu ba.

Garinsu wani ɗan ƙauye ne a bayan Miga. Fulani ne da suka daɗe da zama, suna noma suna kiwo. Mahaifiyarsa, wadda muke ce wa Inna, tana can tare da babban wansa, wanda har ni Yaya nake ce masa.

Malam ne ya koya mini tuƙi, a filin ƙwallon makarantarmu, saboda yana yawan tafiya rangadi kuma yara ba sa rabuwa da zazzaɓi. Na iya daidai gwargwado, ina kai su asibiti, ina zuwa kasuwa. Da aka ƙaddamar da shari'a sai na fara ja da baya. Babu wanda ya kafa dokar hana mace tuƙi, amma gari ya cika da maganar abin da ya kamaci mace da wanda bai kamace ta ba, ni kuma ba na son ido a kaina. Yaya ma ya taɓa zuwa Dutse ya gan ni ina fitowa da ita daga gida. Daga baya na ji yana ce wa ƙanensa a zaure, "Yanzu kai kana da rai matarka ke jan mota?" Tun daga nan na rataye makullin.

Daminar da ta biyo baya muka je gaida Inna, muka bar yara wajen ƙanwata. Ruwa ya kwana yana zuba. Da hantsi, da aka ɗauke, Malam ya ce bari ya leƙa geronsa da ke bayan gari. Ina tsakar gida ina taya matar Yaya tankaɗe, sai na ji hayaniyar maza a zaure. Samari ne suka shigo da shi a kafaɗa, an ɗaure masa ƙafar hagu da tsumma a ƙasan gwiwa. Ɗayansu yana riƙe da macijin a kan sanda, an fasa masa kai. Gajere ne mai zane-zane. Inna ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Kububuwa ce."

Aka shimfiɗa shi a tabarma. Yaya ya ce a kira mai maganin maciji na unguwar gabas. Malam yana gumi, amma hankalinsa na jikinsa. Ya ce, "Yaya, a kira shi in ana so, amma ni asibiti za a kai ni. Wannan ba ta jira."

Motarsa ce kaɗai a garin. Mutum ɗaya ne kuma ya iya tuƙi, shi ma ya tafi kasuwar Gujungu tun jiya, ruwa ya hana shi dawowa. Yaya ya ce a ɗaura wa shanu amalanke. Wani ya ce a aika mai keke Miga ya nemo direba. Ana ta magana, ni ina kallon ƙafar, tana kumbura tana baƙi a gaban idona. Malam ya tofar da yawu, na ga ja a ciki.

Inna ce ta sa hannu a aljihun rigar Malam da ke rataye a ƙyaure ta ciro makullin. Ta miƙo mini.

"'Yata, an ce kin iya."

Na ce, "Inna, na daɗe ban taɓa ba. Kuma ban taɓa bin hanyar nan ba sai a kujerar gefe."

Yaya ya ce, "Inna, kwarin nan na kan hanya ya cika da ruwa. Namiji ma sai ya yi da gaske."

Ta ce, "To kai ka iya?"

Ta kama hannuna ta sa makullin a ciki ta dunƙule mini yatsu.

Aka kwantar da Malam a kujerar tsakiya, kansa a cinyar Yaya. Na shiga na zauna, ƙafata ba ta kai kuloci sosai, sai da matar Yaya ta kawo matashi aka cusa mini a baya. Na yi bismilla na murza. Ta tashi. Ina sakin kuloci ta yi tsalle ta mutu, a gaban duk mutanen garin. Na sake tayarwa, na saki a hankali, muka fita.

Hanyar ta amalanke ce, rami biyu da tudun ciyawa a tsakiya, gero ya rufe gefe da gefe yana marin gilashi. Bayan motar yana ta zamewa a laka, in na juya sitiyari dama sai ta nufi hagu. Malam daga kwance yake ce mini, "Kar ki taka birki. Bar ta a giya biyu, za ta nemi hanyarta." Muryarsa ta fara nauyi. A madubi ina ganin Yaya yana goge masa baki da gefen rawaninsa, rawanin yana ƙara ja.

Da muka iso kwarin na tsaya. Jiya da muka wuce ɗan ruwa ne iya idon sawu. Yanzu ya zama fage guda, ja wur, yana tafe da kara da kumfa. Hanya ta shiga ciki ta ɓace, sai can gaba ta fito kusa da wata tsamiya. A ƙarƙashin tsamiyar wasu makiyaya sun tsaya da shanunsu suna jiran ya janye.

Na ce, "Yaya, ban san inda hanyar take ba. In na kauce muka faɗa rami, shi ke nan."

Ya kalli ruwan. Sannan ya zare cinyarsa a hankali, ya tura wani buhu da ke cikin motar ƙarƙashin kan ƙanensa, ya fita. Ya tuɓe babbar rigarsa ya jefo ta kujerar gaba, ya naɗe wando, ya karya wani reshe. Ya zo saitin tagata, bai dube ni ba, ya ce, "Malama, ni na san ta. Inda na taka nan za ki bi. Ki sa ni a tsakiyar gilashinki."

Malam ya ce, "Giya ɗaya. Ki ba ta wuta, kar ki ɗaga ƙafa ko me ya faru. In ruwa ya shiga salansa mun zauna."

Yaya ya shiga, yana caka reshen a gabansa. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai cinya. Na bi shi. Ƙarar injin ta canza, ta koma kamar ana magana a cikin tulu. Na ji sanyi a tafin ƙafata, na duba, ruwa ne ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne Yaya, don tafiyarsa a hankali take, motar kuma tana son ta fi shi sauri, ga shi an ce kar in ɗaga ƙafa. Sai na danne kuloci rabi, injin yana ihu, ina ganin bayansa yana matsowa. A tsakiya na ji ruwan ya ɗauki bayan motar ya gusar da shi gefe, kamar wani ya tura ta da kafaɗa. Tayoyin suka yi ta juyi a banza, sannan suka kama ƙasa.

Mun kusa fita, ina ganin saiwar tsamiyar, sai injin ya yi tari ya mutu.

Ba a jin komai sai ruwa yana dukan ƙarfe. Na murza makulli, ta yi gurnani ta ƙi. Na sake, na sake, har gurnanin ya fara ja da baya. Malam ya ce wani abu ban ji ba. Na juya, na ga idonsa a rufe, jini yana bin gefen bakinsa zuwa kunne.

"Malam, me ka ce?"

"Bar batir. Dilko ne ya jiƙe."

Yaya ya ɗaga murya ya yi wa makiyayan magana da Fulatanci. Suka ajiye sandunansu suka shigo ruwan, suka sa kafaɗa, suka turo mu har kan tudu. Na fita na buɗe gaban motar, tururi ya taso mini. Na san dilkon, don na sha riƙe wa Malam fitila yana goge shi: wani baƙin murfi ne da wayoyi suka fito daga kansa. Na ɓalle maƙallansa har na yanke a yatsa. Cikinsa duk raɓa. Babu busasshen abu a jikin kowa sai mayafina, na cire na goge shi lungu-lungu, na goge kan wayoyin, na mayar yadda na gani. Wani dattijo cikin makiyayan ya juya baya da ya ga na cire mayafin, sauran ma suka juya.

Batir ya riga ya yi sanyi, sai turi. Gaban tsamiyar akwai ɗan gangare mai tsakuwa. Na sa giya biyu na danne kuloci, suka tura, na saki. Ta yi tari ta tsaya. Suka sake turawa, gangaren yana ƙarewa, bayansa kuma laka ce. Na jira har sai da na ji tayoyin gaba sun kusa taɓa lakar, sannan na saki. Ta girgiza, ta yi kamar za ta mutu, ta kama. Ban iya tsayawa ba, Yaya da gudu ya buɗe ƙofa ya faɗo ciki. Ko godiya ban yi wa mutanen nan ba, ban kuma sake ganinsu ba.

Birki ya jiƙe, in na taka sai ƙafata ta tafi kamar a kan auduga, haka na ratsa Miga da hon. Da muka hau kwalta na sa giyar da ban taɓa sawa ba a cikin gari. Yaya yana ta kiran ƙanensa da sunan da Inna ke kiransa tun yana yaro, yana ce masa ya buɗe ido. Wani lokaci ya amsa, wani lokaci shiru. Duk shirun da ya yi sai in ƙara taka totur, ba na duba madubi.

A asibitin farko da muka samu na tsaya, ban yi gangancin cewa sai Dutse ba. Ma'aikata suka fito da gadon turawa. Yaya ya ce musu kububuwa ce, suka shige da shi da sauri. Ni kuwa na kasa fitowa. Na zauna riƙe da sitiyari, injin yana ta aiki. Wata ma'aikaciya ce ta zo ta kashe injin, ta ce, "Hajiya, sauko, an sa masa allurar kashe dafin."

Sai da aka ƙara masa jini, nawa da na Yaya. Ya yi makonni a kwance, naman wurin ya zube, aka yi ta wanki da ɗauri. Ya tashi, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, kuma ita ce ta kuloci. Kusan shekara ni nake kai shi ofis da safe in wuce makaranta, in dawo in ɗauke shi. Ruwan kwarin ya bar wa motar wani wari na laka a ƙarƙashin kujeru, mun shanya, mun turara, bai fita ba.

Yaya bai taɓa tayar da maganar ranar ba, ni ma haka. Da kaka ya zo Dutse duba ƙanensa, ya kawo buhun gero da man shanu. Da zai koma, Malam ya ce a nemo yaro ya raka shi tasha. Na ce zan sauke shi, hanyata ce. Ya tattara rigarsa ya shiga baya. Muna tafe yana ba ni labarin wata saniyarsa da ta haifi tagwaye, ɗaya ya ƙi kama nono, Inna ce ke ba shi madara da ludayi.