Mai Leƙa Haƙora a Filin Ƙwallo

Dije tana bakin filin makaranta, tana kallon sabon mai horar da ƙwallo da wata jami'a ta turo zaɓen 'yan wasa. Tumbi ya fi ƙarfin riga, usur na reto a wuya, baki jawur da goro. Ɗanta Munir ya ci ƙwallo uku, mutumin ko kai bai ɗaga daga wayarsa ba. Yanzu mutumin yana bin layin yaran, yana matsa cinyoyi, yana buɗe bakuna yana leƙa haƙora. Wallahi da gani, tsohon dillalin tumaki ne.

"Wannan ya tsufa," ya ce, ya ture Munir gefe.

Dije ta miƙa masa takardar haihuwa. "Malam, karanta shekarunsa. Ko sai na sa masa igiya na kawo maka shi kasuwar tumaki ta Mallawa?"