Sajo Mai Kukuma da Waƙarsa Tilo

Wata Alhamis, a motar kasuwa daga Maigatari zuwa Gumel, na kunyata kaina da bakina. Direba ya tura kaset, ina jin tashin kiɗan na gane shi, duk da an sa masa fiyano ya yi ƙiba. Na ce kowa ya yi shiru, waƙata ce. Sajo Mai Kukuma ya yi min ita ranar sunan ɗana, har na tuɓe masa wata shuɗiyar shadda da na samo a kasuwa, wadda wanki ɗaya ya mayar da ita kamar sabuwa.

"Ku saurara," na ce, "yanzu za ku ji Haladu na Sule Tankarkar."

Mota ta yi tsit. Sajo ya gyara murya ya ambaci wani mai albasa. Ya wuce kan tela. Ya kira mai facin taya, ya kira mai igiya, har kaset ya tsaya. Wata tsohuwa da ke rungume da kaza ta ce, "Direba, juya masa, wataƙila yana baya." Aka juya. Ba na baya.

Wannan kunyar ce ta sa na bi diddigin mutumin.

Sajo ɗan Ɗanzomo ne, gidan manoma, amma tun yana saurayi fartanya ta ƙi jininsa, shi ma ya ƙi nata. Ya samu kukuma a hannun wani baƙo daga Damagaram, ya yi ta gurza ta har Allah ya ba shi kiɗa guda. Guda ɗin nan kuwa bai sake haihuwa ba. Shi cewa yake aljanu ne suka ba shi a gindin tsamiya. Maƙwabtansa cewa suke luguden matan gidansu ne ya kwashe. Ko ma dai daga ina, kiɗan yana da daɗi, wannan ba a musa masa.

Makaɗan wajenmu sun ɗauka cewa in aka yi maka waƙa ka tuɓe riga ka bayar, waƙar ta zama taka, ba a yi wa wani ita kana raye. Sajo ya san haka, ya kuma san kiɗa ɗaya gare shi, ciki kuwa kullum sai ya tambaya. Sai ya yi dabara: ya raba ƙasa. A Gagarawa waƙar ta Barau mahauci ce. A Maigatari ta Hussaini dillalin shanu ce. Kowane gari da mai ita, suna kawai ake cirewa a sa wani, kuma Sajo bai taɓa yarda ya yi wa mutum biyu ita a kasuwa ɗaya ba. Ya kan rantse wa kowa cewa saboda shi ya ƙi barci ya tsara ta. A ransa ma bai ɗauki abin ha'inci ba. Gani yake kowa ya ji daɗi, kowa ya taka rawa, to ina wanda aka cuta? Ya yi shekaru a haka, riguna sun cika masa adaka.

Bayan an yi jihar Jigawa, aiki ya kawo wani malamin dabbobi Gumel, sunansa Jethro, mutumin Filato, shi ke kaɗa fiyano a cocinsu. Ya ji Sajo a wani biki, ya gayyace shi gida, ya saurara, ya bi da yatsu, ya adana kiɗan a wani ɗan faifai baƙi da ake tura wa fiyanon a ciki. Da ya danna, injin ya maimaito kiɗan shi kaɗai. Sajo ya kusa faɗuwa don daɗi.

"Na ara maka, Malam Jethro," ya ce. "Ka je ka yi wa Allah da shi."

Ya yi wata guda yana gaya wa mutane cewa har injin Turawa ya haddace shi.

Ƙarshen shekarun casa'in Jethro ya tattara zai koma gida, ya sayar da fiyanon ga wani matashi, Abdurra'uf, da faifan a cikinsa. Nan take bukukuwan Gumel suka koma wajen Abdurra'uf. Kiɗan Sajo ne, amma da lasifika, ga shi fiyano ba ya cin tuwo, ba ya neman goro, ba ya fushi in an ba shi kaɗan. Kira ya ɗauke wa Sajo. Kuma ba shi da wani kiɗan da zai koma gare shi. In wannan ya tafi, fartanyar da ya guda tana nan tana jiransa a Ɗanzomo, da tsufa.

A rediyo ya ji ana maganar haƙƙin mallaka, ya cafke kalmar kamar laya. Mutumin da ya yi shekaru yana raba waƙa ɗaya kamar goron biki, shi ne ya riƙa zagaya kasuwa yana wa'azi a kan amana. Ya kai ƙara wurin Kawu, tsohon mai kalangu da makaɗan yankin suka ɗauka babbansu. Aka taru da hantsi a inuwar darbejiya.

"Kawu, ranka ya daɗe," in ji Abdurra'uf, "in mutum ya sayi saniya a Maigatari, ashe da ciki, maraƙin na wa?"

"Na mai saye," in ji Kawu.

"To ni fiyano na saya, da abin da ke cikinsa."

Sajo ya miƙe. "Saniyar ta Jethro ce, amma cikin nawa ne!"

"Subhanallahi, Sajo," in ji wani mai algaita, "da tsufanka?"

Sai da dariya ta lafa Sajo ya samu bakin magana, ya kuwa faɗi mai ma'ana. "Aro na ba Jethro, shi kaɗai, don cocinsu. In na ara maka jaki ka je gona, sai ka sayar da gonar har da jakina?"

Nan taro ya rabu. Wasu suka ce aro ba ya bin ciniki. Wasu suka ce kiɗa iska ne, wa ya taɓa ɗaure iska a turke? Mai algaita ya ce duk abin da suke kaɗawa a wurin iyayensu suka tsinta, ba wanda ya taɓa zuwa kabari ya nemi izini. Kawu ya ɗaga hannu.

"Kai Sajo, kawo shaidar cewa kai ka ƙirƙiro shi tun kafin zuwan Jethro. In ka kawo, yaro ya cire faifan."

Sajo ya koma gida yana murna. Shaidu ai yana da su a kowane gari. Ya aika wa Barau a Gagarawa. Da ya kwanta ya tuna mahauci ba ya barin nama ranar kasuwa, sai tsoro ya kama shi, ya aika wa Hussaini a Maigatari ma, don in ɗaya bai zo ba ɗaya ya zo. Dabarar da ya yi rabin rayuwarsa yana kiyayewa, ya rusa ta da hannunsa saboda son ya ci shari'a.

Duka biyun suka zo, kowa da babbar riga.

Barau ya fara. "Kawu, ina shaida. Waƙar nan tawa ce, ni aka yi wa ita, rigar jikina na tuɓe."

Hussaini ya juyo ya dube shi daga hula har takalmi. "Malam, wace taka? Ni aka yi wa, ni har hula na haɗa."

"Ni ya ce da ni bango madafar bayi."

"Ni ma bangon ne!"

"Ya ce saboda ni bai yi barci ba."

"To ni ma ai bai yi ba. Kai Sajo, yaushe kake barci?"

Sajo ya duba ƙasa, ƙasa ba ta tsage ba. Wani daga bayan taro ya ce a garinsu ma akwai bango.

Kawu bai ja magana ba. Ya ce shaida ta tabbata, Sajo ne ya ƙirƙiro, kuma shaidar ta tabbatar ya sayar, abin da ka karɓi riga a kansa kuwa ya bar hannunka. In akwai mai hana Abdurra'uf, to Barau ne ko Hussaini. Barau ya ce shi ba ya son waƙar da kowa ya sa wa hannu kamar tuwon sadaka. Hussaini ya ce a ba yaro, ya ƙara da hular. Suka tafi a mota ɗaya, sun zama aminai.

Daga ranar ba wanda ya sake tuɓe wa Sajo riga. Abin da ya cece shi daga fartanya shi ne muryar Abdurra'uf, wadda in ya ɗaga ta kaji ke barin gida, ga shi bai san kakan kowa ba. Sai ya ɗauki Sajo aiki. Yanzu mai haƙƙin mallaka yana zaune bayan fiyano, yaro ya danna, shi ya jero sunaye a kan kiɗansa, kowa da kowa a waƙa ɗaya, ba sauran rantsuwa. Kukumar na rataye a bango, gizo-gizo ya samu gida.

A ƙofar shagon Abdurra'uf na same shi yana ɓare gyaɗa. Na yi sallama na ce, "Sarkin amana, barka da hutawa. Ni ne wani bangon, na Sule Tankarkar. Na zo karɓar shaddata, tunda ko a bayan kaset ba ka sa ni ba."

Bai ko ɗago ba. Ya hura ɓawon gyaɗa ya ce, "Shuɗiyar nan? Haladu, a aljihunta na tsinci katin asibitin wani mutumin Damagaram. Ka ba ni gwanjo na ba ka gwanjo, me kuma ya rage?"