Fasfon Da Na Ɓoye A Jeren Inna

Edita, lokacin da abin ya faru ina aji biyu a sakandare a Daura. Yarinya ce ni mai kunya, ba na magana sai kallo, amma ba abin da ke wuce idona a gida.

Yayana yana zaune a ƙasar waje da takardar zama ta dindindin, saura shekara guda ya nemi zama ɗan ƙasa. Da Inna ta kwanta ciwo sai ya zo. Na lura kullum da safe yana soke rana ɗaya a kalandar ɗakinsa. Na ji yana gaya wa Baba cewa idan ya wuce wata shida bai koma ba, shekarun da ya tara sun rushe, sai a fara ƙirga daga farko. Na kuma lura Inna ba ta shan kunu sai shi ya riƙe mata ludayi. Ana saura kwana biyar ya tafi, na zare fasfonsa daga jaka, na saka a kwano na uku cikin jeren Inna, inda ba mai taɓawa.

Aka birkice gida da nema. Kawu ya ce a ɗauko Alƙur'ani kowa ya rantse. Yaya ya hana, ya ce ba zai rantsar da ƙannensa a kan takarda ba. Ina tsaye riƙe da buta ina kallonsu. Yaya ya yi ta zirga-zirgar neman sabon fasfo har wa'adin ya wuce.

Inna ta samu sauƙi. Ranar da take goge jere don Sallah ta ga fasfon. Ta dube ni sau ɗaya, sannan ta gaya wa kowa ita ta ajiye, zafin ciwo ya sa ta manta.

Yaya ya koma, ya fara ƙirga daga farko. Bayan shekara uku ciwon ya dawo. Inna ta ce a gaya masa ya yi zamansa, tunda ba a san tsawon jinyar ba, kada ya sake asara saboda ita. Ta rasu bai gan ta ba.

Na riƙe mata shi na 'yan makonni, na raba su a ranar da ta fi buƙatarsa. 'Yan uwana mata, ƙauna ba ta ba mu izinin yanke wa wani hukunci a ɓoye ba. Har yau idan Yaya ya tuna Inna yakan ce Allah ya jiƙan ta, ya yafe mata mantuwarta.